Ritayar da Malam Ya Jira

Ban yi boko ba, a allo ma ban yi nisa ba, shi ya sa Malama ce take riƙe da biro, ni kuwa ina faɗa. Malamar firamare ce, ta daɗe tana haya a ɗakunan waje na gidanmu a nan Suleja, har ta zama 'yar gida. Na ce mata idan kuka ya zo mini ta dakata, in ya wuce mu ci gaba. Labarin mijina ne da jikarmu, wadda ta yi sana'ar buga ƙwallon tanis a Ingila.

Mijina, wanda nake kira Malam, direba ne a wata ma'aikatar gwamnati a Abuja. Kullum yana idar da sallar asuba zai fita bakin titi ya shiga motar 'yan aiki, ba zan sake ganinsa ba sai bayan magariba, ya dawo yana dafe da ƙugu. Ba abin da ya fi ambata kamar ritaya. Idan kwanon ɗaki yana yoyo, sai ya ce bari in yi ritaya. Idan na ce mun daɗe ba mu leƙa 'yan'uwansa na Chaza ba, sai ya ce bari in yi ritaya. Da ranar ta zo, ya shigo gida da agogon bango da aka ba shi a ofis, ya tuɓe takalma a bakin ƙofa, ya ce mini, "To, na dawo gida ke nan." Daga ranar bai ƙara kwana a wani gari ba. Shi da abokansa na majalisar ƙofar masallaci, tsofaffin masinjoji da akawuna da direbobi, abin da suka sani ke nan: wanda ya yi ritaya ya ajiye aiki gaba ɗaya, ya tattara ya koma gidan ubansa ya zauna.

Na haihu da yawa, amma ɗaya ne ya tsaya, ɗan farina. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, ba kuma yau zan fara ba. Ya yi karatu mai zurfi, ya tafi Ingila ƙaro ilimi, ya samu aiki a can, ya auri Baturiya. Allah ya ba su 'ya mace guda. Yakan zo mana jefi-jefi, amma shi kaɗai. Duk zuwan da ya yi sai ya ce baɗi zai taho da yarinyar, bana tana makaranta, hutun ma an sa ta a wurin koyon wasa. A wani zuwan ya kawo hotonta, 'yar mitsitsiya, tana riƙe da wani abu kamar rariya mai dogon mariƙi, ya kusa fin ta girma. Ya ce da shi ake dukan ƙwallon a tsallake raga, wadda ke ɗaya gefen ta maido, wadda ta kasa maidowa an ci ta. Malam ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Madalla, amaryata ta iya tankaɗe." Tun daga ranar amarya yake ce mata, irin wasan kaka da jika.

Tana shiga 'yan mata ubanta ya rasu. A wurin aiki ya yanke jiki ya faɗi, aka ce zuciya ce. Musulmin garin suka yi masa sutura, aka binne shi a can. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don in na tsaya ba za mu gama ba.

Abin da ya rage mana na jininmu a duniya ita ce wannan yarinya, ba mu kuma taɓa taɓa jikinta ba. Uwarta mutuniyar kirki ce, ba ni da abin da zan ce a kanta. Ita ta tsaya kan cewa kowace Sallah, ƙarama da babba, yarinyar ta kira mu ta wayar da ake ganin fuska. A wayar Malama ake kiran. Hausar da ubanta ya bar mata ba ta wuce sannu da na gode da Kaka ba. Malam yana da Turancin direbobi, ya iya fara magana, amma in ta yi nisa sai Malama ta karɓa. Ni dai kallo ne nawa. Nakan matso da fuskata kusa da gilashin har Malama ta ce, "Mama, goshinki kawai take gani."

Bayan rasuwar ubanta ta ajiye karatu ta rungumi wasan, ya zama shi ne abincinta. Da tutar Ingila take bugawa. A hankali muka gane yadda sana'ar take, daga bakinta da kuma abin da Malama take dubo mana a waya. Ba albashi ake ba su ba. Kowane mako ana gasa a wani gari, wani lokaci a wata ƙasa, ita za ta nemi jirginta da masaukinta, ta ɗauki nauyin mai horar da ita. In ta ci, a ba ta maki. Yawan makin ne yake sa a bar mutum ya shiga manyan gasa. Abin da ya fi ba Malam mamaki shi ne makin ba ya ajiyuwa. Wanda ta ci bana, in shekara ta zagayo sai ya goge, sai ta sake cin wani. Wadda ta zauna a gida wata ɗaya, wasu sun haye kanta.

"Wannan ai ba aiki ba ne, ɗiban ruwa ne a kwando," in ji shi. "Mu ko a gwamnati muna da hutun shekara."

Sau ɗaya muka taɓa ganin wasanta daga farko har ƙarshe. A wata shekara aka ba ta gurbi a babbar gasar ƙasarsu, wadda ake yi a kan ciyawa. Maƙwabcinmu yana da talabijin mai kama tashoshin waje, ya tayar da janareta bayan azahar, muka cika falonsa. Sai ga ta ta fito cikin fararen kaya, doguwa, ta ɗaure gashi a baya. Matar gidan ta dafa ni ta ce a hankali, "Hajiya, ba a ba su zane ne?" Ni ma abin ya dame ni, na sunkuyar da kai. Malam ya ji, bai ko juyo ba ya ce, "Ku kalli hannun mana. Hannu aka ce ku zo ku gani."

Na kalli hannun. Duk dukan da za ta yi sai ta yi wani nishi mai ƙarfi, irin na mai faskaren ice. Ba mu gane ƙirgen ba ko kaɗan, sai dai in mutanen filin sun yi tafi mu ma mu yi. Da aka tsaya hutu ta zauna a kujera, ta share goshi da bayan hannu daga hagu zuwa dama, sai na ji Malam ya ja numfashi. Haka ubanta yake yi tun yana yaro. An ci ta a ranar. Ta je bakin raga ta ba ɗayar hannu, ta saɓa jaka ta fita tana ɗaga wa mutane hannu. Malam ya yi mako yana ba majalisa labari kamar ita ce ta ci.

A Sallar da ta biyo baya ne ya tambaye ta. Ya gyara hula a gaban wayar, ya ce, "Amarya, wai yaushe za ki tare ne? Ango ya tsufa yana jira."

Malama ta sha wuya kafin ta juya wannan da Turanci. Da yarinyar ta gane, ta yi dariya har ta kifa kai. Sannan ta natsu, ta yi magana a hankali yadda zai ji. Ko ni da ba na jin Turanci na tsinci kalma ɗaya a ciki. Malam ya ɗaga hannu ya hana Malama fassarawa.

"Na ji da kunnena," ya ce. "Ta ce, Kaka, in na yi ritaya zan zo."

Ya riƙe wannan magana kamar an ba shi ajiya.

Shekaru suka ɗan tura. Wata rana bayan ƙaramar Sallah, da la'asar, ina tsintar shinkafa a tsakar gida, Malam ya ce wa Malama ta duba masa ko amarya ta yi wasa. Ta duba, ta sake dubawa. Ta ce, "Baba, ga sunanta, amma an rubuta wani abu a gefensa." Ya sa tabarau, ya karɓi wayar, ya bi haruffan da yatsa. Kalmar da ya fi sani ce a duk Turancin duniya, ita ce a jikin takardar da aka sallame shi da ita daga aiki.

"Ta yi ritaya," ya ce. Ya sake faɗa da ƙarfi, kamar ina nesa. "Kin ji? Ta yi ritaya!"

Malama ma haka ta karanta, haka kuma ta fahimta. Ba wanda ya san wasan nan a cikinmu. Na ajiye tiren shinkafa na yi guɗa, abin da rabona da yi tun auren ɗana da ban halarta ba, wanda na yi wa guɗar ni kaɗai a ɗaki.

Muka kira, ba a ɗauka ba. Malam ya yi mata saƙon murya da Turancinsa, ya ce mun ga labari, mun gode wa Allah, muna jira. Bayan kwanaki amsa ta zo, muryarta a raunane. Malama ta fassara: ta gode, abin ya yi mata wuya, amma kada Kaka ya damu, za ta dawo ba da daɗewa ba. Malam ya ce to me ya rage? Na ce a tambaye ta ranar zuwa. Ya ce a'a, ba a matsa wa baƙo da tambaya, wanda ya bar aiki yana da sallama da tattare-tattare, shi ya sani, ya yi. Bayan haka duk lokacin da Malama ta duba, babu sunanta a cikin masu wasa. Wannan ya ƙara tabbatar mana.

Ɗakin ɗanmu yana rufe tun rasuwarsa. Malam ya buɗe shi. Ya kira birkila aka toshe tsagar bango, aka yi shuɗin fenti, aka sa fanka da gidan sauro sabo. Ya ce Turawa ba su iya tsuguno ba, ya sa aka gina bayan gida na zama a gefen ɗakin. Ya hau mota da kansa ya tafi kasuwar Diko, ya dawo da ɗan rago fari mai baƙin kunne, ya ce ranar da ta sauka za a yanka. Ni kuma na sayi atamfa na kai wa tela, na kwatanta masa tsawonta da abin da na gani a talabijin. Ba wanda Malam bai gaya wa ba. Liman ya sani, mai shayi ya sani, masu gyaran mota na Gauraka da ya saba da su tun yana aiki, har can ya je ya gaya musu. Ya daina dafe ƙugu. Da safe sai in ji shi yana yi wa rago magana.

Babbar Sallah ta zo. Ragon nan kaɗai muke da shi, na ce ko za mu yi layya da shi, in ta zo a nemi wani. Ya ce ragon baƙuwa ne, ba zai taɓa shi ba, Allah ya ga zuciyarsa. Aka sauko daga idi, maƙwabta suna ta fiɗa, namu yana ɗaure yana cin dusa.

Da yamma yarinyar ta kira. Ta rame, hannunta na dama yana naɗe da farin bandeji tun daga yatsu har gwiwar hannu. Kafin mu tambaya, Malam ya karɓi wayar daga hannun Malama, ya zaga da ita. Ya nuna mata ɗakin, ya kunna fanka ya kashe, ya nuna gidan sauro, ya buɗe ƙofar bayan gida, ya fito ya nuna rago. Tana ta murmushi tana cewa ya yi kyau. Sai ta yi tambaya, Malama ta ce, "Baba, wai biki za a yi a gidan?"

"Ce mata bikinta. Ce mata ango ya gama shiri. Wace rana jirginta zai sauka?"

Malama ta faɗa. Yarinyar ta ce ba ta gane ba. Malama ta yi mata bayani tun daga ranar da muka ga kalmar. Na ga ta fara 'yar dariya, sai dariyar ta tsaya, ta sa hannun hagu ta rufe baki. Ta daɗe tana magana, Malama tana saurare, ba ta juyo ta kalle mu ba.

"Me ta ce?" in ji Malam.

"Baba, wai a wasansu, idan mutum ya ji ciwo ana tsakiyar wasa ya kasa ƙarasawa, shi ne ake rubuta ya yi ritaya. Na ranar ne kawai. Wuyan hannunta ne ya samu matsala, aka yi mata aiki. Dawowar da ta ce, fili take nufi. Wai tana warkewa za ta koma."

Ragon ya yi kuka a lokacin, shi ya sa na san tsakar gidan ta yi tsit. A cikin wayar yarinyar tana hawaye tana maimaita kalma ɗaya, Malama ta ce haƙuri take bayarwa. Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Sannan ya yi dariya, irin wadda ake yi don baƙo.

"Ashe ritayar taku iri biyu ce," ya ce. "Ce mata ba komai. Ce mata ragon ma bai gama ƙiba ba. Allah ya ba ta lafiya."

Washegari da hantsi ya yanka ragon, tunda kwanakin layya ba su wuce ba. Ya raba naman kaf. Ko tsinke ɗaya bai ci ba.

Abokansa ba su da mugun nufi, amma tsofaffi ne da suka saba tsokanar juna. Yana zuwa majalisa sai wani ya ce, "Ango, ina amarya? Ko ta fasa ne?" Wani ya ce, "Ai ritayar ce ba a biya ta giratuti ba tukuna." A yi dariya, shi ma ya yi. Bayan ɗan lokaci sai ya zama yana idar da salla yake ɗaukar takalmansa ya taho gida.

Sai bayan shekara yarinyar ta warke ta koma fili. Duk makinta ya goge, sai da ta faro daga ƙananan gasa, a garuruwan da Malama ma ba ta iya faɗin sunansu ba. Ta ce wani wurin masu kallo ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ta hau kaɗan, gwiwa ta kama ta. Ta warke, ta sake hawa, ƙugu ya kama ta. Daga baya ta koma buga na bibbiyu, ita da wata a gefe ɗaya, don gudun ya ragu. Ta sha cewa za ta saci mako guda ta zo a ƙarshen shekara, amma lokacin ne suke atisayen shiga sabuwar shekara, ga kuma labaran sace mutane a hanyar Kaduna da suke kai wa uwarta. Ta nema mana takardar shiga ƙasarsu, ba a samu ba.

Kalmar nan ta sake fitowa a gefen sunanta, ba sau ɗaya ba. Malama takan so ta ɓoye, amma Malam ya iya karanta fuska. Sai ya ce, "Ta rana ɗaya ce ko ta gaske?" Ta ce ta rana ɗaya ce, Baba. Ya ce to. Duk da haka washegari zan ji shi a ɗakin nan yana kakkaɓe katifa.

Wata rana da rana muna zaune a inuwar zaure, ya ce mini, "Akwai abin da yake damuna." Na ce mene ne. Ya ce, "Jiya a sujada na ji bakina yana roƙon Allah ya sa ciwon nan nata ya zama na ƙarshe. Jikata, ina roƙon ƙafarta ta ƙi warkewa. Wane irin kaka ne wannan?" Ya yi ta istigfari, hawaye yana bin gemunsa. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar da aka faɗa mana rasuwar ɗanmu, sai kuma wannan rana. Na riƙe masa carbinsa da ya faɗi.

Ba a daɗe ba ɓarin jikinsa ya shanye. Yana alwalar azahar buta ta kuɓuce masa. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi ba ya iya tashi, harshe ya karye. Na yi jinyarsa damina guda da rani guda. Idan ta kira, Malama takan kai masa wayar har shimfiɗa, ya kafe ta da ido, gefen bakinsa yana motsi, ba abin da yake fita. Ita kuma ta yi ta cewa Kaka, sannu, Kaka, sannu. Ta ce wannan shekarar ce ta ƙarshe, so take ta ƙarasa ta da ƙafarta, kada a ce ciwo ne ya kore ta. Na fahimce ta. Tun tana ƙarama ba ta san wani abu ba sai wannan.

Ya cika da hantsi, ranar wata Talata. Dakata, Malama.

To. Aka yi masa wanka, aka sallace shi bayan azahar, kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabarta. Malama ta yi ta kiran yarinyar tun da safe, waya a kashe. Tana wata ƙasa mai nisa, tana cikin gasa. Sai washegari ta kira, gidan cike da masu gaisuwa. Na ji kukanta tun daga inda nake zaune. Ta ce za ta bar komai ta hau jirgi, a gaya mata ranar jana'iza, a jira ta. A wurinsu gawa takan yi mako da makonni kafin a binne. Ba ta san mu ba ma kwana da mamaci ba. Malama ta rasa yadda za ta yi, ta ce mata an riga an kai shi tun jiya. Ta yi ta tambaya, jiya? Jiya? Daga baya Malama ta gaya mini a ranar da ya rasu yarinyar ta ci wasanta.

Na yi takaba na fita. Shekara ta zagayo. Wata rana ta kira ba Sallah ba, ta ce wa Malama ta faɗa mini ta yi ritaya, ta gaske, likita ya ce ƙugun ba zai ƙara ɗauka ba. Ta ce za ta zo. Na ce Allah ya kawo ta lafiya. Ban gaya wa kowa ba, ban sayi ko kaza ba.

Ta zo da damina, ana yayyafi. Mota ta tsaya a ƙofar gida, na ji sallama da wata irin Hausa, sai ga mace doguwa ta shigo, ta yafa mayafi a karkace, tana ɗingishi. Wani ya gaya mata ana durƙusa wa manya. Ta yi ƙoƙarin durƙusawa, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, ta dafa bango tana cije leɓe. Na tashi na kama ta. Hannunta na dama ya fi na hagu kauri sosai, tafin kuwa kanta ce kamar ta manomi. Akwai tabon ɗinki a wuyan hannu, akwai a gwiwa. Shekarunta ba su wuce talatin da kaɗan ba, amma in za ta tashi daga tabarma sai ta yi dabara irin tawa. Na shafa fuskarta, na shafa kunnuwanta. Kunnuwan gidan Malam ne. Na yi kuka har muryata ta dushe, ita ma haka, ba mai jin maganar wani.

Kwana kaɗan ta yi. Ta ci tuwo da hannu, ta ƙone yatsu, ta yi dariya. Tsofaffin majalisa suka zo gaishe ta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zauna a zaure ya sunkuyar da kai, ba wanda ya yi tsokana.

Ta ce tana so ta ga kabarin kakanta. Na sa Malama ta yi mata bayani cewa a nan mata ba sa shiga maƙabarta, kuma ba a rubuta suna, damina ɗaya in ta wuce sai wanda ya haƙa ne zai iya nunawa. Ta ce ko daga waje ne. Muka hau Keke mu uku, muka sauka a bakin katangar. Da yake doguwa ce, kanta ya wuce katangar, ni kuwa bulo kawai nake gani. Na sa Malama ta tambaye ta me take gani. Malama ta ce wai ciyawa ce, Mama, ta rufe ko'ina. Yarinyar ta daɗe a tsaye a kan ƙafa ɗaya, ta jingina da bango, har mai Keken ya fara danna oda.

A hanyar dawowa ta yi wa Malama magana a hankali. Malama ta juyo ta ce, "Mama, wai me ya ce a kanta kafin ya rasu?"

Na ce ta gaya mata bai ce komai ba, bakinsa ya riga ya mutu tun kafin shi.

Ta sake tambaya. Malama ta ce, "Wai ya yi fushi da ita?"

Na ce a'a, ko sau ɗaya bai yi ba. Gaskiya na faɗa. Ba ta tambaya ko ni na yi ba, ni ma ban ce komai ba. Na ɗora hannuna a kan gwiwarta mai tabon, har muka iso gida.